Ɗan Mawaƙiyar da Ke Ƙasanmu

Shekarar da muka koma Woolwich, wata unguwa a London, ban san barci ba. 'Yata tana haƙori, maigida yana tuƙin bas, in ya fita da asuba sai la'asar, ni kuma ina hawa na uku a wani flat mai ɗaki ɗaya wanda bangonsa ke zufa ko da rani. A ƙasanmu akwai wata mata mai waƙa. Tafin ƙafata ne ya fara saninta, don in ta kunna kiɗa har dardumar sallata sai ta ɗauki rawa.

Wata ganga ce mai tafiya kamar ɗingishi, sai kiɗan na'ura irin wanda ake sakawa a shagunan kaya ya hau kanta. Layi ɗaya take rerawa, ta tsaya, ta koma farko. Na taɓa ɗora shinkafa har ta nuna ba ta bar wannan layin ba.

A matakala muka haɗu. Na goyo 'yata, leda a kowane hannu, na tarar da ita zaune da jariri a kafaɗa yana tsala kuka. Gashinta a hargitse, idonta irin nawa. Ta miƙe ta zagaya bayana, ta taɓa ƙullin zanena. Turancina na kasuwa ne, don haka rabin maganar da hannu muka yi.

"Ba ta faɗowa?" ta tambaye ni.

"Ni ban faɗo ba. Uwata ma ba ta faɗo ba."

"Koya min, mami. Hannuwana sun mutu."

Haka take kirana, mami, ko da yake ta girme ni. Washegari na sauka da zane da majanyi. Ban yarda mu fara da yaron ba, ƙaramin buhun shinkafa na ɗora mata. Na ce, "Sunkuya sosai, ba gaisuwa na ce ki yi ba." Buhun ya zame ya fashe a ƙasa. Ta dubi shinkafar ta ce, "Kin ga ɗan da bai yi kuka ba." Muka durƙusa muna tsincewa, rabon da in yi dariya irin ta ranar har na manta.

A bakin tsintar ne ta ba ni labarinta. 'Yar Kolombiya ce, daga wani gari a bakin teku. Uwarta ta kawo ta London tana yarinya, ta yi sharar ofisoshi har gwiwa ta ƙi, ta koma gida. Uban yaron ya tafi da jitarsa, ban tambayi ina ba. Ƙarshen mako tana waƙa a gidajen abinci, tsofaffin waƙoƙin ƙasarsu, ga mutanen da ke kewar gida. "Suna taunar nama, ni ina yi musu kuka," in ji ta. Nata waƙoƙin kuwa a cikin kabad ɗin kaya take ɗauka a na'ura, ta lulluɓe shi da barguna ta shiga ta rufe. Gangar kakarta take haɗawa da kiɗan kwamfuta, rabi Sifaniyanci rabi Turanci. Tsofaffinsu suna cewa ta lalata gangar, matasa suna cewa ta cika tsufa.

Da ta iya goyo sai aikinta ya miƙe. Tana rerawa tana kaɗa ƙugu, yaron yana barci a bayanta, kai a langaɓe. Ranakun da za ta fita waƙa kuma sai ta hawo min da shi. Ban ɗauki wannan wani abu ba. Na ce mata a garinmu ɗa na kowa ne. Ran da maigida ya dawo ya ga yara biyu a kan tabarma, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ikon Allah. Yaushe muka haihu ba a gaya min ba?"

Yaron bai da wahala in ya ƙoshi. Yana son ayaba, ya tsani hula, in zai yi barci sai ya kama kunnena. 'Yata ta riƙa tura masa cokalinta.

Can wata waƙarta ta kama. Ni a jirgin ƙasa na fara ganewa, hanyar Stratford, wasu 'yan mata 'yan makaranta sun haɗa kai a kan waya, sai ga layin nan da na ji har ya fita a kaina. Na so in ce musu a cikin kabad aka yi ta.

Ba a daɗe ba ta hawo da soyayyar agada a faranti, ta zauna a ƙasa, ta ƙi kujera. Wasu manyan mawaƙa sun yi booking ɗinta, wato sun ɗauke ta ta riƙa buɗe musu wasa a biranen Turai, wata ɗaya da ɗoriya, a mota, yau nan gobe can. Ba a zuwa da jariri. Ta ce tun tana budurwa take jiran a kira ta irin wannan kiran, kuma ba a yi wa mace mai shekarunta sau biyu.

"Ke kaɗai yake yarda da ita, mami. Ki riƙe min shi."

Na ce sai na yi shawara da maigida. A raina na riga na amsa. Ni kaina gwaggona ce ta riƙe ni, ba wanda ya tambayi kowa.

Maigida ya saurara yana cire takalmi. Ya ce, "Nan ba gida ba ne. Ɗan da ba jininki ba, in zai kai wata a hannunki, sai an sanar da council, hukumar unguwa. Su zo su duba gidan, su duba mu."

"Su duba me, Malam?"

"Komai. Inda zai kwana, inda taki take kwana. Wataƙila su duba su tafi, ba wani abu. Ban hana ki ba, ke za ki yi rainon."

Da ma ya hana ni, da na huta. Na tsaya ina kallon ɗakin da idon baƙo. Gado ɗaya, mu uku a kai. Baƙin da ke kusurwar bango, wanda nake gogewa ya dawo. Tabon ƙuna a damtsen 'yata, na ranar da ta jawo wayar dutsen guga ina tsaye kusa da ita. Matar da ke auna yara a asibiti ta taɓa cewa nauyinta bai kai ba, ta faɗa da murmushi, amma na yi mako ina jin murmushin a cikina. Ga labaran da mata ke bayarwa bayan sallar Juma'a a masallacin Regent's Park, na 'ya'yan da aka zo aka ɗauke. Ban san wanne ne gaskiya ba. Ban yi karatun da zan iya tsayawa gaban mai tambaya in kare kaina ba, in an yi min Turanci da sauri kai kawai nake ɗagawa.

Na sauka na same ta tana ɗinke wata riga mai ƙyalli, yaron yana wasa da murfin tukunya. Na faɗa mata a tsaye, zancen council da cewa ba zan iya ba.

Ta ce, "To kar mu gaya wa kowa."

"In ya yi zazzaɓi fa? Na kai shi asibiti suka ce ke wace ce?"

"Ki ce ƙanwata ce ke."

"Dube ni, ki dubi kanki."

Ba ta yi dariya ba. Ta ciji zaren ta tsinke. "Ke kika ce min ɗa na kowa ne."

"A garinmu na ce."

Ta ɗaga rigar tana duba ɗinkin, ta daɗe. Sannan ta ce in ja mata ƙofar.

Ta nemi wasu. Ina jin ta a waya ta ƙarƙashin ƙafata, murya tana hawa tana sauka. Masu rainon haya sun fi ƙarfinta, ƙawayenta duk masu aiki biyu ne. Saura ko ta fasa wasan, ko ta kai shi wurin uwarta a ƙetaren teku. Sau da yawa na ɗauki mayafi zan sauka in ce na fasa, sai in ga damtsen 'yata in ajiye.

Ranar da za ta kai shi Kolombiya ta ƙwanƙwasa min da akwati biyu, ba ta iya ɗaukarsu har da yaron. Maigida yana hutu, na bar masa 'yata, na goya yaron har tasha. A bakin jirgin ƙasa na sunkuya ta zare shi, bayana ya yi sanyi. Ta ce, "Wata biyu ne kawai." Ban san ko da ni take ba.

Ta dawo ita kaɗai, ta tafi wasanta. Daga wannan aka kira ta wani, daga shi wani. Yanzu ba ta waƙa ga masu cin nama. Ba ta saki flat ɗin ba, amma akwatinta ya fi ta zama a ciki. Kwanan baya muka yi kiciɓis a ƙofar shiga, ta rame, ta yi kyau, muryarta a dishe. Ta rungume ni, ta ciro waya ta nuna min shi yana gudu a tsakar gida bayan kaza, ba riga. Ta ce yana magana sosai. In ta kira, kakar ce take riƙe shi a gaban wayar, shi kuma yana zillewa.

Na ce, "Yaushe za ki ɗauko shi?"

"Bayan wannan zagayen, mami."

Bara ma haka ta ce. Na ce Allah ya kai mu. 'Yata tana jan hannuna tana cewa da Turanci fitsari take ji, sai na kama ta muka hau.