Ƙaiƙayi Da Bangon Da Ta Ninka

Ba iyayenta ne suka sa mata Ƙaiƙayi ba. Bakinta ne ya jawo mata sunan, ita kuwa ta riƙe shi hannu bibbiyu kamar gado. Wanki da guga ne sana'arta tun tana iya murɗe bargo ita kaɗai. Kayanka kam za su dawo fes, amma za a haɗo maka da tarihin ƙazantarka kyauta: daudar wuyan riga, abin da aka tsinta a aljihu, har miyar da ta ɗiga a gaba. Mutane na kai mata wanki ne kamar masu zuwa cire haƙori.

Aure ɗaya ta yi, da wani direban babbar mota mai sanyin hali, wanda 'yan tsegumi suka ce doguwar hanya ya zaɓa don kunnensa ya sha iska. Da ya rasu bai bar mata gida ba, bai bar mata ɗa ba. Abin da ya bari ɗaki ne a gidan haya, sai ƙanwarsa a ɗakin da ke manne da nata.

Ƙanwar nan tela ce, Mai Keke ake ce mata, ita ma bakinta ba ya kwana da yunwa. Asali ɗaki ɗaya ne mai gidan hayar ya raba da allon katako ya mai da shi biyu, don haka in an yi atishawa a can, a nan ake goge hanci. Mafarin rigimarsu igiyar shanya ce da marigayi ya ɗaura a tsakar gida. Wannan ta ce gadon miji ne, waccan ta ce gadon yayanta ne. Igiyar ta tsinke tuntuni, rigimar ce ba ta tsinke ba.

Kullum da safe Ƙaiƙayi kan fuskanci katakon nan ta gyara murya.

"Allah wadan ɗinkin da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ko mai rigar ne aka haifa a karkace?"

Sai keke ya tsaya cak.

"Gara mai karkata riga, matar Yaya. Wata kuwa ɗan mutane ta samu ta yi ta wankewa har ya koɗe ya bar duniya."

Haka suka tsufa. Burin Ƙaiƙayi guda ne, kowa a gidan ya haddace shi: kafin ta mutu ta samu ƙofar kanta, inda ba za ta ƙara jin keken nan ba.

Ana nan sai aka sayar da gidan hayar, sabon mai shi ya ce shaguna zai yi, kowa ya nemi wuri kafin damina. A lokacin ne ƙungiyar agaji ta unguwa ta samu fili a bayan tashar mota. Wani tsohon hedimasta ke jagorantarta, da 'yan sa-kai masu zuwa ranakun hutu, da ɗaliban jami'a masu koyon zanen gini, kowanne da hular kwano da ta fi kansa. Gidajen ƙanana ne, na bulon jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan, ba zafi da rani, ga farantin sola a kan rufi, ga indararo mai zuba ruwan sama a tanki. Sharaɗin shi ne mai son gida ya zo ya zuba guminsa.

Ranar da Hedimasta ya tara jama'a ya yi bayanin tsarin aiki, Ƙaiƙayi da Mai Keke suna can baya suna jayayya a kan wa ta riga zama a benci. Abin da ya shiga kunnen Ƙaiƙayi kawai shi ne "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka", da kuma cewa injin matse bulo sai da mutum biyu, ɗaya na zuba ƙasa, ɗaya na danne sandar ƙarfe. Sauran bayanin ya bi iska.

Aka haɗa ta da wani mai gadi. Kafin azahar ta sanar da shi cewa da dare ana biyansa ya yi barci, da rana kuma ya zo yana yi kyauta. Ya ajiye shebur ya tafi. Aka kawo matar makanike, ita kuma aka gaya mata ƙarƙashin farcenta ya isa a shuka albasa. Wani ɗan sa-kai mai haƙuri ya gwada, washegari ya aiko cewa bayansa ya riƙe.

Hedimasta ya kira ta gefe.

"Baiwar Allah, kin cinye mini mutane. Saura mutum ɗaya da ba ta da abokin aiki, ita ma nata ya gudu. In kin ƙi ta, sai wani zagayen, shi kuwa ban san ranarsa ba."

Ƙaiƙayi ta waiga. Ga Mai Keke can a gindin tulin ƙasa ta riƙe ƙugu. Ta ɗaga kai ta dubi sama, gajimare ya fara haɗuwa, gidan haya kuma an riga an cire ƙofar zaure. Ta juyo wurin Hedimasta.

"Ba komai, Malam. Ai na 'yan kwanaki ne. Amma ita za ta danna ƙarfen."

Jama'a, ba a taɓa ganin bulo irin nasu ba. Ƙaiƙayi ta cika ma'auni ta tsuke shi don mugunta, Mai Keke ta haye sandar da dukan nauyinta kamar wuyan matar Yaya ne a ƙasa.

"Danna mana, uwar gulma, ko ƙarfin duk a harshe ya ƙare?"

"Zuba dai, mai hannun sabulu. Da haka kika riƙa zuba wa Yaya abinci da bai rame ba."

Ɗalibar da ke kula da ingancin bulo, wadda kowa ke kira Injiniya tun ba ta gama karatu ba, ta ɗaga ɗaya ta sake shi a ƙasa. Ko gefensa bai ɓantare ba. Ta ce wa sauran su zo su ga aiki. Ƙaiƙayi ta ce aikin mai zubawa ne, Mai Keke ta ce na mai dannawa ne, aka buɗe sabon fage.

Ranar da aka ja igiyar harsashi ne asiri ya tonu. Injiniya ta kai su wata kusurwa ta nuna musu zane a ƙasa.

"Inna, ga naki, ga na Goggo. Bango ɗaya ne a tsakani, tanki ɗaya a baya."

"Ban gane ba, 'yar nan."

"Ai Malam ya faɗa tun ranar farko. Gidajen tagwaye ne, don a rage bulo. Waɗanda suka matsa bulo tare su ke zama tare."

Ihun da Ƙaiƙayi ta yi sai da 'yan tasha suka leƙo. Ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana neman mai musanya. Mai gadi ya ce shi barci yake yi, bai ji ba. Matar makanike ta nuna mata farce ta wuce. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Da ta ga ba mafita, sai ta dawo wurin Injiniya.

"To a ninka bangon. Layi biyu nake so."

"Inna, bulon da aka ware ba zai kai ba, sai dai ku matsa ƙari."

"Za mu matsa," in ji Mai Keke daga baya. Wannan ce magana ta farko da suka taɓa haɗuwa a kanta, kuma ba wadda ta kalli wata.

Suka matsa. Kowa ya tashi su suna nan, gwiwa na ƙara, baki na aiki. Ɗalibai har murna suke yi, wai kaurin zai ƙara sanyin ɗaki. Ruwan farko ya sauka Ƙaiƙayi na cikin ɗakinta, da mabuɗinta ɗaure a bakin zane.

Da gari ya waye ta kasa kunne. Shiru. Ba keke, ba tari. Ta yi hamdala, ta fuskanci bango ta gyara murya, ta saki wani habaici da ta daɗe tana tanadi a kan wani siket. Ta jira. Bango ya shanye shi tas. Ta ƙara wani mai zafi. Ko gezau. Haka ta yi ta jifa a rijiya har mako ya zagayo, abinci ma ya daina yi mata daɗi.

Ranar da ɗalibai suka dawo duba rufi, ta ja Injiniya cikin ɗaki.

"'Yar nan, ginin naku da gyara. Iska ba ta ratsawa. A huda mini 'yar taga a nan." Ta dafa bangon tsakiya.

Injiniya ta danne dariya.

"Bangon na mutum biyu ne, Inna, sai kowa ya yarda. Amma an yi sa'a, Goggo ta riga ki. Ita ma ɗazu ta ce iska ba ta ratsawa."

Ƙaiƙayi ta janye hannunta kamar ta taɓa dutsen guga.

"Ita ta fara nema?"

"Ita ce."

"To ban yarda ba. Ta mutu da zafi."

Har yau bangon na nan ba ko tsaga. Sai dai kowace safiya za ka ga tsofaffi biyu sun fito ta ƙofa biyu, kowacce da bokitin da ruwa bai ƙare a ciki ba, suna ɗingishi suna zagayawa bayan gida. Famfon tankin guda ɗaya ne, kuma har yanzu ba a gama shari'ar wa ta riga zuwa ba.