Mudu Ɗaya na Yumɓu

Sana'ata awon hatsi ce a kasuwar Gwaram. A gefen mahaifina na koya, kuma abin da ya fara cusa mini tun kafin in iya lissafi shi ne tsoron tauye mudu. Idan na ɗebo dawa sai in tula ta ta yi tozo, in tare bakin mudun da hannun hagu kada ƙwaya ta zube, in juye, sannan in ƙara gyara da tafin hannu. Yakan ce gara in yi asarar tafi ɗaya a nan da a tsayar da ni a kansa gobe kiyama. Karatun boko a aji shida na tsaya, amma wannan darasin bai taɓa barina ba. Har yau idan mai saye ya juya ya tafi, sai in bi buhunsa da kallo ina tambayar kaina ko na cika masa.

Wani Alhaji direba, wanda ke jigila tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, shi ya fara kai ni ɗakin gwaji. Tsohon shagon ajiyar kaya ne a Birnin Kudu da mutanen unguwa suka share, suka sa benci uku da allo. Duk ranar Asabar ake haɗuwa. Kowa ya kawo abin da ke damun garinsu, a zauna a gwada maganinsa da abin da ake da shi a hannu. Wasu mata suna tufka igiya da ledar da awaki ke ci suna mutuwa. Wasu manoma daga Kiyako suna dasa ciyawar jema a bakin kwarin da ke cinye musu gona. Mai jan ragamar wurin wata Malama ce da ta yi ritaya daga koyar da aikin gona, mace mai sanyin murya, ba ta son a ce mata "ina jin", sai dai "na gwada".

Ranar farko na zauna a ƙarshen benci ina tsoron a miƙo mini alli. Da Malama ta tambayi sana'ata, Alhaji ya riga ni amsawa.

"Sarkin awo ne, Malama. Idan ya auna miki mudu goma, ki tanadi buhun sha ɗaya."

Aka yi dariya, Malama ta ce to an samu mai auna kaya. Na ji daɗi har cikin raina, ko da yake a mota muna komawa na yi ta tunanin ko na amsa abin da ba zan iya ba.

Aikin da aka sa ni a ciki na gawayi ne. A wajenmu itace ya yi nisa. Bishiyoyin da na sani a hanyar Kwandiko ina yaro, yawancinsu kututture ne yanzu. Ga kuma totuwar masara da buntun shinkafa ana tarawa a bayan gari ana cinna musu wuta a banza. Dabarar ita ce a ƙona su a cikin durom a rufe, a daka su zama gari, a kwaɓa da kunun rogo, a cusa a guntun bututu a danna, a shanya. In ya bushe sai ya zama gawayi, ba a sare ko reshe ba.

Ɗakin yana da doka guda wadda kowa ya yarda da ita. Abin da aka haɗa ba a yaba shi a ɗaki, sai an kai wa mai amfani da shi na gaskiya. Idan ya ƙi aiki sau biyu a hannunsa, sai a ajiye shi a kama wani, domin kada a ɓata wa mutane lokaci. Mai gwada mana gawayin wata Inna ce mai toya waina a kasuwarmu, rumfarta na kallon tawa. Karon farko gawayin ya ruguje mata a murhu ya koma toka. Malama ta ce a ƙara yumɓu kaɗan don ya riƙe jikinsa: bokiti ɗaya na garin gawayi, mudu ɗaya na busasshen yumɓu da aka niƙa. Inna ta ce ita ta gama da mu. Ni na je na durƙusa a gabanta na roƙe ta.

"Don kai ne," ta ce. "Shekara nawa ina awo a wajenka ban taɓa komawa gida na sake aunawa ba. Amma in kuka sa ƙulluna ya yi tsami, kada ka ƙara gaishe ni."

Ranar haɗi Alhaji ya cika bokiti daidai layin fentin da Malama ta ja a ciki. Ita tana waje tana duba durom. Ni na auna yumɓu, bokiti huɗu, mudu huɗu, na ƙirga da ƙarfi don kada in yi kuskure. Aka kwaɓa, aka danna, aka shanya kwanaki. Ya fito sumul, da nauyi, ko an yar da shi ba ya fashewa. Har ina alfahari da shi.

Ranar kasuwa Inna ta jera shi a murhu ta ɗora tanda. Daga rumfata ina hango ta tana fifita. Ta hura, ta sa ciyawa, ta sake fifita. Gefensa ya yi ja kaɗan, sai ya mutu. Mutane suka taru da kwanukansu suna jira, wasu suka gaji suka wuce wurin mai ƙosai. Da hantsi ya yi ta aika aka sayo mata itace. Sannan ta ɗauki guda ɗaya, ta tako har gabana ta ajiye a kan buhun gero.

"Malam, wannan ba gawayi ba ne, tubali ne. Ku tara da yawa ku gina masallaci, ku samu lada."

Maƙwabtana suka fashe da dariya.

Bayan azahar wani mutum ya zo awon dawa. Na tsoma mudu, na tula, na tare da hannu, na juye, na ƙara gyara. Ina cikin ƙara gyaran na tsaya ina kallon hannuna. Na tuna ranar da Malama ta nuna mana yadda ake awon yumɓu. Ta cika mudu, ta ɗauki guntun kara ta shafe bakinsa ƙwal, abin da ya yi sama ya zube. A lokacin abin ya sosa mini rai har na kawar da kai, domin a kasuwa wanda ya yi haka sunansa ya ɓaci. Ni kuma ranar haɗi ban shafe ba. Na tula yumɓun nan ya yi tozo, na tare da hannu, kuma na tabbata na ƙara gyara a kowane mudu, sau huɗu. Garin yumɓu ya fi dawa tsayawa a tsibi. Kusan ninki na zuba.

Kwanakin da suka rage kafin Asabar ban ji daɗin tuwo ba. Abin da ke cina shi ne wannan ne karo na biyu. Za a ajiye aikin gawayi, a ce dabarar ce ba ta yi ba, alhali ba a ma gwada ta yadda take ba. Babu wanda ya ga awona. In na yi shiru, shi ke nan. In na faɗa, ni da aka kira sarkin awo ni ne na kasa auna mudu ɗaya. Maiɗakina ta lura ina juya loma a kwano, ta tambaya, na gaya mata.

"Yanzu Malam duk wannan ramar a kan ka ƙara ne? Mutane na kuka da masu ragewa, kai kana kuka da ƙari."

"Ƙarin ne ya kashe wutar."

"To ka je ka ce ƙarin ne. Kai da ka taɓa bin mutum har tasha don ka manta ba ka yi masa gyara ba, wannan ne zai tsaya maka a wuya? Ci tuwonka."

Ranar Asabar Inna ta shiga motar Alhaji tare da mu, da ragowar gawayin a buhu, ta ce da hannunta za ta mayar. Tun daga Gwaram har Birnin Kudu ina maimaita abin da zan ce, ina canza farkonsa. A ɗakin, Inna ta zazzage buhun a ƙasa, ƙararsa kamar an zubar da duwatsu. Ta ba da labarinta tsaf, har da masallacin. Malama ta ɗauki guda ta fasa, ta daɗe tana duban cikinsa. Ta ce doka doka ce, ta ɗauki tsumma za ta goge sunan gawayi daga allo.

Na miƙe. Duk abin da na shirya ya gudu.

"Malama, ki dakata. Ba dabarar ba ce. Ni ne ban shafe mudu ba."

Ta juyo. "Kamar yaya?"

"Na tula. Na kuma yi gyara."

"Gyara? Wa ka yi wa gyaran?"

Kafin in buɗe baki, Alhaji ya amsa mini, yana riƙe da ciki. "Bokiti ya yi wa! Kada bokiti ya kai ƙararsa lahira!"

Ɗakin ya kaure da dariya. Inna ta yi dariya har tana share ido da gefen mayafi, tana cewa ai ta san hannun nan, shekara da shekaru tana cin amfaninsa, yau ya juyo kanta. Na tsaya ina jiran faɗa. Malama ba ta yi dariya sosai ba. Ta ajiye tsumman, ta jawo kwaryar yumɓu da mudun, ta ce kowa ya zo ya auna mata mudu ɗaya, kada ya yi tunani. Wani manomin Kiyako ya zo ya tula. Mai tufka igiya ta tula har tana dannawa. Alhaji da ke dariya ya tula ya tare da hannu. Inna ta tula, ta ƙara tafi, ta ce ita ba za a gan ta tana shafe mudu ba ko na ƙasa ne.

Malama ta zauna a benci. Ta ce ashe ita ce ta kawo awon aji cikin mutanen kasuwa. Ko da ni na shafe, ranar da dabarar ta isa Farin Dutse ko Kwandiko kowa tulawa zai yi, a yi ta gina tubali ana zagin ɗakin gwaji. Ta ce gwajin nan ba ya cikin ƙidaya, tunda ba a bi ƙa'idarsa ba. Kuma ba za ta tsaya koya wa gari guda shafe mudu ba. A nemo ƙaramin mazubi wanda in an tula shi, an yi masa gyara, zai zo daidai da shafaffen mudunta.

"Wannan kuma aikinka ne, Malam," ta ce da ni.

Mako guda na yi a kai. Na gwada gwangwanaye, na gwada moɗa, na gwada kofin roba. A ƙarshe wani ƙaramin kwanon sha na silba da ake samu a kowane gida ya zo daidai. Na auna shi sau da yawa, na ba maiɗakina ta auna ba tare da na gaya mata dalili ba, na ba maƙwabcina. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Duk da haka na sake aunawa da safen Asabar kafin mu hau mota.

Inna ta yarda da karo na uku bisa sharaɗi biyu: in ajiye mata damin itace a gefe, kuma ni zan yi fifita. Ranar kasuwar na bar rumfata a hannun maƙwabci na tsuguna gaban murhunta da maficin kaba. Gawayin ya ɗan yi gardama. Sai ja ya kama gefe ɗaya, ya bi ya zagaye. Ba hayaƙi. Ta shafa mai a tanda, ta zuba ƙullu, ya yi cuu. Ta toya tanda ta farko, ta biyu, ta uku. Can ta dube ni.

"Tashi ka koma rumfarka, kana tsare mini masu saye. Itacen kuma ka kai wa maiɗakinka."

Ta sa waina biyar a ganye ta miƙo mini, sannan ta ɗora ɗaya a sama.

Yanzu mata da dama a kasuwarmu da shi suke suya, wasu ma a gida suke haɗa nasu. Kwanon silbar na farko yana rataye da ƙusa a jikin allon ɗakin gwaji. Ina zuwa duk Asabar, na ma koma benci na tsakiya. Abin da ya rage yana ɗan damuna shi ne na ga an fara kawo wasu kwanukan sha masu faɗin baki a kasuwa. Na sayi ɗaya, zan gwada shi kafin Asabar.