Na Je Minna Ɗauko Kawu

Ana sallame sallar asuba muka ɗau hanya daga Kaduna, ni da abokina mai motar. Inna ta ja mini kunne tun a ƙofar gida: kada in kuskura in dawo ba tare da yayanta ba. Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a wajen Shiroro, Kawu ya faɗo Minna, ita kuwa barci ya ƙaurace wa idonta.

Ta Suleja muka zaga, don gajeriyar hanyar ta daji sai wanda ya yi sallama da gida. Daga Lambata zuwa Paiko ramuka da tankoki suka sa mu gaba. Abokina ya yi ta zagin titin har ya gaji ya koma istigfari. Doya kuwa ga ta nan tuli a bakin hanya, amma in ka ji kuɗinta sai ka ɗauka har da gonar za a haɗa maka. Mun tsaya cin sakwara da miyar agushi, ni dai ko taɓawa ban yi ba. Sai kiran wayar Kawu nake yi, tana kashe.

Rana tsaka muka shiga Minna, zafi kamar a bakin murhu. Lungunan Kpakungu suka gagari mota, muka ajiye ta muka taka, muna tsallake kwata muna tambaya, har wata mai tuyar ƙosai ta nuna mana ɗakin.

Wanda na tarar kwance a ƙofar ɗakin ya sa na yi turus. Baba Bitrus ne, dattijon Gbagyi da gonarsa ke jikin ta Kawu. Tun ina yaro suke shari'ar iyaka a gaban dagaci, har Kawu ya taɓa rantsewa ko ruwan rijiyarsa ba zai sha ba.

"Zauna, ɗana," ya ce da irin Hausarsa. "Kawunka ta je dako kasuwa, yanzu za ta zo."

Da Kawu ya iso sai da ƙwalla ta cika mini ido. Mutumin da yara ke watsewa in ya yi gyaran murya ya rame, ya yi laushi. Kafin mu gama gaisawa ya durƙusa ya juya tsohon, ya shafa masa man zafi a baya. Kwano ɗaya suka sa hannu. Na kasa haƙuri, na isar da saƙon Inna.

Kawu ya ce, "Ranar da 'yan bindigar suka shigo mana zazzaɓi ya kwantar da ni, kowa ya yi ta kansa. Wannan ne ya dawo. Ka san mutanensu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, muna yi musu dariya. To a kafaɗar nan na haye rafi. Tun ranar bayansa bai sake miƙewa ba. In na bi ka, wa zai juya shi?"

Na ce akwai wuri a mota, su taho mu tafi duka. Baba Bitrus ya girgiza kai. 'Ya'yansa biyu har yau suna hannun mutanen daji, in Allah ya fito da su a Minna za su neme shi.

Haushi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Muka kwana wajen wani aboki a Tudun Fulani, da safe na koma na yi magiya, na yi fushi, na sake magiya. Kawu ya raka ni bakin titi yana sa mini albarka, ya juya da sauri.

A hanyar dawowa ko doyar ban kalla ba. Na je ne ina ganin wahala ta gama da Kawu, ashe girman kansa kawai ta cinye, ta bar mutumin. Ban ce wahala alheri ba ce, Allah ya raba mu da ita. Amma wuya makarantar kare ce, kuma na ga wanda ya yi karatu a cikinta.

Da muka iso, Inna ba ni ta duba ba, bayana take leƙe. Na gaya mata komai. Ta share ido da gefen mayafi, sannan ta nuna sabuwar katifar da ta saya wa Kawu.

"Gobe ka kai ta tasha a tura Minna," ta ce. "Ka ce ta mai ciwon bayan ce."