Yadda Muka Riski Gawar Kawu

Wallahi jama'a, ku ji abin da ya same mu! Mun tashi da asuba daga Kano, ni da Innata, bayan an bugo waya cewa yayanta ya rasu a ƙauyenmu can wajen Bunkure, kuma da hantsi za a kai shi. Kun san mutanenmu, ba a jiran kowa. Ga shi tun rabon gonar gado ita da Kawu ba sa ga-maciji. Magana ɗaya take ta nanatawa a mota: "Allah ka sa in riske shi kafin a fita da shi."

Har Kura lafiya lau. Muna yin gaba sai ga motocin tumatir sun toshe titi, kwanduna har kan kwalta. Direbanmu ko a jikinsa, har da leƙawa yana taya kwando, wai ya yi araha! Na ce, "Haba malam, jana'iza fa za mu." Ya ce, "Allah ya jiƙan rai, amma motar nan ba ta da fiffike."

Muka sauka muka tari 'yan acaɓa, suka yanke da mu ta gefen kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Alkama da albasa kore shar, amma wa ke ta kallo? Ashe ranar an saki ruwa, wani manomi ya fasa hanyar don ya ja shi zuwa gonarsa. Taɓo har ƙwauri, babur ya ce bai san zance ba. Inna mai ciwon gwiwa ta cire takalmi ta afka. Manomin ya miƙa mata ƙotar fartanya ta riƙe yana cewa, "Sannu Baba, taka nan, ki yi min aikin gafara."

Muna isa an riga an fito da makara, maza sun fara sahu. Inna ta ja ta tsaya, don mace ba ta kutsawa nan. Liman, dattijon da ya san rigimarsu, ya dubi ƙafafunta duk taɓo, ya ce, "Ku mayar da shi zaure, ƙanwarsa ta iso."

Ta durƙusa ta dafa likkafanin. "Yaya, na yafe maka. Ni kuma wa zai ce min ka yafe?"

Daga nan maza suka ɗauki makarar suka koma sahu.

Ni kaɗai na dawo Kano, ita tana can zaman makoki. Abin da na koya: a nemi yafiya tun bakin ɗan'uwa yana iya amsawa. Ku fa, akwai wanda kuka bari sai da ya zama gawa? Ku ba mu labari.