Dokta Mai Neman Mushen Kaza

Dokta Harrison Didam mutumin unguwar Romi ne, malamin jami'a, aikinsa binciken ƙwayoyin cutar da ke kashe dabbobi, irin ƙananan nan da ido ba ya gani. Furfura ta cika masa kai, amma kujerar farfesa ta ƙi zuwa. Shekarar da soja suka koma bariki aka ce masa ya kawo bincike ɗaya mai nauyi a kan annobar kaji, in ba haka ba ya yi ritaya yana Doktansa.

Binciken kuwa ba ya yiwuwa sai da kajin da cutar ta kashe. To, a Romi ba a barin kaza ta mutu da kanta. Da ta fara gyangyaɗi uwargida ta wasa wuƙa, kafin la'asar tana cikin miya. Wadda ta riga wuƙa kuma a binne ta shiru.

Dokta ya zura farar rigar aiki, ya ɗauki kula cike da ƙanƙara, ya bi gida-gida. Matan unguwa ba su yarda da mai farar riga ba, gani suke ƙona musu kaji zai sa a yi.

"Dokta, ai kajinmu sun fi mu lafiya," in ji maƙwabciyarsa Maman Vicky, ta tare bakin akurki da zaninta.

Ran nan bayan ruwa ya ɗauke yana yashe kwatar ƙofar gidansa, sanye da yagaggiyar singileti, sai ga wata tsohuwa za ta yar da mushen kaza. Ya roƙe ta. Ta dube shi sama da ƙasa, ta miƙa masa.

"Ayya, Baba! Ka dai dafa ta sosai."

Ya buɗe baki zai yi bayani, ya dubi kazar, ya fasa. "Allah ya saka da alheri," ya ce.

Daga ranar ya rataye farar riga. Labari ya kai har Kakuri, wai wahala ta sa malamin jami'a cin mushe. Kaji suka dinga shigowa ta ƙofar baya a naɗe cikin leda, wata ma har da ƙullin barkono. Matarsa Esther ta koma zama a bencin ƙarshe a coci saboda kunya.

"Baban Nelson, ka faɗa musu gaskiya mana!" ta ce wa mijin nata.

"Bari kular ta cika tukuna."

Kula ta cika, bincike ya fito, aka ba shi farfesa. Esther ta yanka lafiyayyun kaji ta gayyaci unguwa. Farfesa ya miƙe ya yi dogon bayanin ƙwayoyin cuta da dalilin singiletin, aka tafa masa har da guɗa. Da aka tashi ci, shinkafa ta ƙare tas, naman kuma kowa ya ture shi gefen faranti. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai, don ya zaci sun fahimta.

Maman Vicky ce ta ƙarshen tafiya. Ta matso kusa da shi, ta rage murya don kada Esther ta ji.

"Ranka ya daɗe, Allah ya sa albarka. Akwai wata da ta mutu mini da safe, in aiko, ko yanzu ka daina?"