Takardar Sallamar Baba

Mahaifina tsohon soja ne. Ya yi yaƙin basasa, ya dawo da harsashi a cinya, ya yi gadi a wata masaƙa har ƙarfinsa ya ƙare. A shekarar 1998, lokacin da maigidana na kasuwa ya fara aike ni Guangzhou ta ƙasar Sin sayo kaya, ɓarin jikin Baba na dama ya riga ya shanye. Mahaifiyarmu ta rasu, mu biyu muka rage masa, ni da ƙanwata. Ita ke yi masa girki da wanki. Ni ke yi masa wanka, in kai shi bayan gida, in juya shi a kan katifa. Bai taɓa yarda 'yarsa ta ga tsiraicinsa ba. Da zan tafi na roƙi wani maƙwabcinmu ya riƙa kula da wannan ɓangaren. Ya ce to, yana kallon gefe.

Akwai takarda guda da Baba ya fi ji da ita a duniya, takardar sallamarsa daga soja. Tana ɗauke da lambarsa da wani hatimi mai tudu wanda yatsa ke ji. A cikin gwangwanin madara take, ƙarƙashin gadonsa. Ana gobe zan tafi na tsaya ina kallon gwangwanin. Rufin ɗakin yana yoyo, ga gara ta fara cin ƙofa. Idan aka yi ruwa ba na nan fa? Sai na ɗauke takardar na sa cikin jakar fasfona. Ban gaya wa kowa ba, don kada a ce na cika tsoro.

A unguwar Sanyuanli na sauka, ɗaki ɗaya da wani Alhaji mutumin Maraɗi da ya daɗe yana zuwa. Watan Maris ne, garin ya jiƙe da laima. Bango yana zufa, riga ba ta bushewa, takalmina ya yi furfura cikin kwana huɗu. Kullum in mun dawo daga kasuwar Baima sai na buɗe jaka na duba takardar.

"Bakano, wasiƙar budurwa ce?" in ji Alhaji. "Ka fi duba ta a kan fasfonka."

"Ta Baba ce, Alhaji."

"To ai Baban yana Kano, me ta zo saye a Sin?"

A ranar ne na ga ɗigon baƙi guda biyu a gefen takardar. Funfuna ta fara kama ta. Washegari na kai ta wani shago kusa da tashar mota inda suke da na'urar manne takarda cikin leda. Na nuna wa mai shagon da hannu. Ya zura ta, ta fito da ɗumi, tana sheƙi, ta yi tauri kamar faranti. Na ce masa shiyeshiye, wato na gode da yarensu, har sau uku. Rabon da in ji sanyi a raina irin na ranar har na manta.

A ƙasan benenmu akwai wani tsoho ɗan ƙasar, ƙofarsa da jan allo. Shi ma ba ya iya tashi. Kowace safiya wani mutum yakan zo da keke, da bokiti da tawul, ya shiga ya daɗe, sannan ya fito da tsohon bakin ƙofa a kujera, fes, an taje masa kai. Alhaji, da yake yana ɗan jin yarensu, ya ce jan allon alamar tsohon soja ne, hukumar unguwa ce ke turo mai kula da shi. Nakan tsaya a matakala in yi ta kallo har in ji kunya.

Ranar Juma'a nake kiran gida. Ba mu da waya, sai a gidan wani ɗan kasuwa a layinmu, ƙanwata ta je ta jira. A Juma'a ta uku ta tare ni da labari.

"Yaya, an zo daga ofishin tsofaffin sojoji. Wai za su rubuta waɗanda ba sa iya tashi, a riƙa turo musu namiji gida sau uku a mako, ya yi musu wanka, ya duba su. Ƙarshen wata za a rufe. Amma na duba gwangwani ban ga takardar ba."

"Tana wurina. Kwantar da hankalinki, har na sa an manne ta cikin leda."



"Yaya, mutumin ya ce ban da mai leda. Wai an cika kawo musu jabu a haka. Sai ya taɓa hatimin da hannunsa, ya buga nasa a bayanta."

"Maƙwabcinmu fa, yana zuwa?"

"Ya zo sau biyu. Ina ajiye wa Baba ruwa in fita, ya goge abin da hannun hagu ya kai."

Daga wurin waya na wuce shagon. Na nuna wa mai shagon takardar, na yi alamar ɓarewa. Ya juya ta, ya girgiza kai.

"Meyo," in ji shi, wato babu.

"Lawban, don Allah," na ce. Lawban maigida ke nan da yarensu, sauran kuwa Hausa ce, kamar zai ji.

"Meyo, meyo." Ya koma kan aikinsa.

Alhaji ya ce in bar ta haka, shi zai bi ta Kano jibi, ya kai ta da kansa ya roƙe su. "Mutum ne a ofishin, ba dutse ba. Kada ka taɓa ta." Shawara ce mai kyau, na sani. Amma da ya fita sallar la'asar sai na kasa zama. Idan suka ƙi fa, ga wata ya kusa ƙarewa? Na dafa ruwa a butar lantarki, na kara takardar a kan tururi, na sa reza a kusurwa. Da farko ledar ta ɗago lafiya. Na ja a hankali, ina bisimilla. Da na kai tsakiya sai na ga rubutun yana bin ledar. Fuskar takardar ta rabu gida biyu. Sunan Baba ya tafi, rabin lambarsa ya tafi, hatimin kuma na'ura ta riga ta daddanne shi tun ran farko, babu tudun da yatsa zai ji.

Alhaji ya dawo ya same ni zaune a ƙasa. Bai yi mini tsiya ba. Ya tattara gutsattsarin cikin ambulan ya sa a aljihun gaba.

Ya cika alkawari, ya je ofishin tare da ƙanwata. Ma'aikacin ya duba, ya ce shi bai ƙaryata su ba, amma ba abin da zai rubuta daga wannan. Sai a nemi wata daga hedikwata, kuma wannan aikin watanni ne. Aka rufe rajista. An ɗauki wani tsoho a bayan layinmu, ƙanwata tana ganin mai kula da shi yana wucewa ta ƙofar gidanmu da jakarsa.

Ni kuwa kayan maigida ba su fito daga masana'anta ba, kuma ba ni da ikon tafiya in bar su. Mako biyar na ƙara. A Juma'ar ƙarshe na tambaye ta ko Baba ya san abin da na yi.

"Ya sani. Cewa kawai ya yi a tambaye ka yaushe za ka dawo, bayansa ya fara ciwo."

Da na isa gida na juya shi, na ga gyambo biyu a ƙugunsa, ɗaya ya yi zurfin da ban iya kallo ba. Wata huɗu na yi ina wanke su safe da yamma. Ba su warke ba har ya rasu.