Fim ɗin da Yaya Sa'adu ya hana a yanke

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sa'adu, mai ɗaukar hoton fim a Birnin Kebbi. Duk shekara a gidanmu na Badariya muke taruwa mu yi masa addu'a mu watse. Bana na ga addu'ar cikin gida ba ta isa ba, domin na fara jin yabonsa a bakin mutanen da suka yi masa dariya yana raye, kuma ina so a san yadda abin ya kasance.

Daga shagon Emeka labarin ya fara. Emeka mutumin kudu ne mai gyaran rediyo da talabijin a Nasarawa, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya sayi tarkacen wani gidan silima da aka rufe, a ciki akwai wani gilashi mai nauyi, girman gwangwanin madara, irin wanda ake ɗaura wa majigi. Yaya ya ɗaga shi ya leƙa, ya ga Emeka ya tsuke ya yi tsawo kamar sanda. Ranar bai ci abincin rana ba.

Sunan gilashin anamofik. Aikinsa shi ne ya kwaso fili mai faɗi ya matse shi cikin idon kyamara, sai an zo tacewa a kwamfuta a buɗe hoton, ya fito a shimfiɗe kamar na allon silima. Hasken da ke can baya yakan ɗauki siffar ƙwai, in rana ta bugi gilashin kuma sai ta ja zare shuɗi daga wannan gefe zuwa wancan. Yaya ya kai wa mai walda aka ƙera masa maƙali, ya ɗaure gilashin majigin a gaban kyamararsa. Na tambaye shi amfanin wannan wahala.

Ya ce, "Hauwa'u, ƙasarmu kwance take. Fadama kwance, gulbi kwance, jirgin masunta kwance. Mi za ya sa in ɗauke ta kamar hoton fasfo?"

Lokacin ina hutun makarantar da nake koyarwa, da ya tashi ɗaukar fim ɗinsa da gilashin sai na bi shi da ma'aikatansa Argungu ina kula da tufafin 'yan wasa. Mako uku muka yi a bakin gulbi. Gilashin yana da taurin kai: kowane ɗauka sai an daidaita shi sau biyu, nasa daban, na kyamara daban, mutum ya matsa taku ɗaya hoto ya dushe. 'Yan wasa suna tsaye cikin rana suna gunaguni, shi yana durƙushe cikin taɓo. Labarin na wa da ƙane ne, masunta, da suka gaji jirgi ɗaya daga ubansu amma ba sa magana. Yaya ya zaunar da ɗaya a goshin jirgi, ɗaya a ƙarshensa, ya bar tsawon jirgin da shiru a tsakaninsu. Duk fim ɗin a kan wannan tazarar ya tsaya.

Da aka gama, ya kai wa wani Alhaji dillalin finafinai. Alhaji ya ga baƙin layi sama da ƙasan allo, ya ce mutane za su ɗauka talabijin ɗinsu ce ta lalace. Yaya ya ce haka aka yi shi, haka zai fita. Alhaji ya amsa da to. Bayan mun dawo gida ya sa aka ja hoton sama da ƙasa har ya cika allo, ya buga faifai ya watsa kasuwa. Masunta suka fito dogaye sirara, fuska kamar an matse ta a ƙofa. Daga nan aka sa wa yayana suna Sa'adu Dogayen Mutane.

Abin da ya yi bayan haka shi ne abin da dangi suka daɗe suna kira hauka. Ya bi shago shago, daga Birnin Kebbi har Argungu da Augie, yana karɓe faifan, ya tara su a tsakar gida ya farfasa da taɓarya. Ya gaya wa Alhaji a gaban mutane cewa ya ci amanarsa. Daga ranar babu mai shirya fim da ya sake kiransa. Ya koma ɗaukar biki da suna da walimar saukar karatu, da wannan ya ciyar da iyalinsa har ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Na ji haushinsa a lokacin, ba zan ɓoye ba. Na ce masa ya sassauta ko don 'ya'yansa. Ya ce zai ɗauki bikin kowa da murna, amma ba zai sa sunansa a kan mutanen da aka nakasa ba. Yana asibiti ya damƙa mini asalin fim ɗin, ya ce in adana.

Yau kuwa fa? Duk wanda ya ɗauki bidiyon waƙa da waya sai ya liƙa baƙin layi sama da ƙasa don a ce aikinsa ya yi kama da na silima. Akwai manhajar da ke zana zaren hasken nan shuɗi ko babu rana a wurin. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin zai yi murna da yadda kyamara ta shiga hannun kowa, amma zai tambaye su abin da suka zuba a faɗin da suka samu. Shi bai taɓa son baƙin layin don kansa ba. Wuri yake nema da zai ɗauki mutum biyu da abin da ya raba su.

Watan jiya Alhajin nan ya yi sallama a gidanmu. Kasuwar faifai ta mutu, yanzu a intanet yake sa finafinai. Ya ce Sa'adu ya riga zamaninsa, Allah ya jiƙansa. Sannan ya ce in ba shi fim ɗin a yanka shi gajeru gajeru a tsaye, daidai allon waya, duniya ta gani.

Na ce, "Alhaji, in kun yanke shi a tsaye, wane za ku bari cikin jirgin, wan ko ƙanen?"

Ya ce, "Malama, zamani ne. Ko marigayin da shina nan da ya yarda."

Na ce, "Kun fi kowa sanin bai yarda."

Ya sha ruwa ya tafi. Wasu cikin dangi sun ce na tare wa marayu hanyar samu. Na kira 'ya'yan Yaya, waɗanda yanzu sun girma, na gaya musu komai, suka ce kada in bayar.

Ban tsaya a ƙin ba. Emeka ya samo aron majigi, muka nemi zauren wata makaranta a Argungu ranar Asabar da hantsi, muka toshe tagogi da tabarmi, muka haɗa farin ƙyalle biyu don ɗaya bai isa faɗin ba. Masunta da iyalansu suka cika zauren. A karo na farko mutanen da aka ɗauka suka ga kansu da siffar da Allah ya yi su.

Ana cikin kallo wata mata ta miƙe ta ce a tsaya. Can ƙarshen hoton ta hagu, nesa da 'yan wasa, wata tsohuwa ce durƙushe tana wanke ƙwarya a bakin ruwa. Ba ta cikin labarin, ba ta ma san ana ɗauka ba. Matar ta ce innarta ce, ta rasu shekara shida, kuma ba su da hotonta ko ɗaya. Emeka ya mayar da wurin baya sau uku. Babu wanda ya yi ƙorafi.

Yaya bai bar wa 'ya'yansa gida ba, bai bar suna a masana'antar fim ba, fim ɗaya ya bari. Na auna wannan da abin da taurin kansa ya jawo mana, kuma ban ce nauyin ya tashi a banza ba, ban kuma ce bai yi mana ciwo ba. Abin da na sani shi ne matar nan ta roƙi a ciro mata hoton innarta, na yi mata alkawari, kuma da gulbin da jirgin da komai zan wanke mata shi. Allah ya jiƙan Sa'adu, ya yalwata masa kabarinsa.